Google ba ya cewa "babu": yadda ake neman bayani ta kundin rukunai

Duk abin da mutum ya rubuta a Google, sai an ba shi amsa. Ko sunan makarantar da ba a taɓa aza tubalinta ba ya rubuta, shafuka za su fito reras: wannan ya yi kama da abin da ake nema, wancan talla ne, na ƙasa kuma wani ne ya kwafo labarin shekara biyar da ta wuce ya sauya masa kwanan wata. Haka abin yake ga ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, ko Meta AI da ta shigo cikin WhatsApp a Najeriya a 2024. Ba kasafai take cewa ba ta sani ba. Ta fi son ta tsara magana mai daɗin karantawa, ko da akwai ƙage a ciki.

Amma akwai tambayoyin da amsarsu mafi daraja ita ce "babu". Wannan kwas ɗin da ake tallatawa, hukuma ta amince da shi? Manhajar nan da ke ba da bashi cikin minti biyar, tana da rajista? Kamfanin da ke karɓar kuɗin Umara a unguwa, yana da lasisi? Injin bincike ba zai iya cewa babu ba, domin shi kansa bai san iyakar abin da ke akwai ba. Wanda zai iya faɗin haka shi ne wanda ke riƙe da cikakken jeri. A nan ne wata tsohuwar hanyar bincike, wadda ta girmi Google, take da ranarta har yau: kundin rukunai, wato shafin da mutane suka zauna suka tattara adireshi ko sunaye, suka tantance su, suka jera su fanni-fanni.

Dillali da layin kasuwa

Wanda ya taɓa cin Kasuwar Daji, a kan hanyar Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ko babbar kasuwar Shinkafi, ya riga ya san bambancin da ake magana a kai, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Baƙon da ya zo sayen wake yana da hanya biyu. Zai iya tsayawa a bakin kasuwa ya ce wake yake nema. Nan take dillalai da 'yan kamasho za su yanyame shi, kowa na jan hannun rigarsa, kuma wanda ya fi ƙarfin murya shi zai fara kai shi rumfarsa. Ko kuma ya tambayi inda 'yan hatsi suke, ya wuce kara, ya wuce 'yan koli da mahauta, ya shiga layin, ya bi buhu-buhu da idonsa: ga gero, ga dawa, ga masara, ga wake fari da ja. In ya kai ƙarshen layin bai ga irin wanda yake so ba, ya san yau bai zo kasuwa ba.

Hanyar farko ita ce ta injin bincike. Wata manhaja ce ke yawo a intanet dare da rana, tana bin rariyar liƙau daga shafi zuwa shafi, tana kwafo kalmomin da ta gani tana tarawa. In an rubuta tambaya, sai ta zaƙulo shafukan da kalmominsu suka dace, ta jera su bisa wani lissafi nata. Babu ɗan Adam ɗin da ya karanta shafukan ya ce wannan gaskiya ne. Na saman jerin ma sau da yawa kuɗi suka biya aka ɗora su, shi ya sa ake ganin ɗan rubutun da ke nuna talla ne a kansu, wanda yawancin masu waya ba su lura da shi.

Hanya ta biyu ita ce ta kundin rukunai. Ba a fara ta da kalma, ana fara ta da fanni. A shiga babban rukuni, a gangara zuwa ƙarami, a sake gangarawa: Ilimi, sai manyan makarantu, sai kwalejojin kimiyya da fasaha, sai na tarayya, sai jihar Zamfara. Kowane mataki yana rage hayaniya. Ɗakunan karatu da wannan tsari suke aiki tun da daɗewa. Tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya ba noma lamba 630, kiwon dabbobi 636, addinin Musulunci 297, yadda mai neman littafin kiwon awaki ba sai ya san sunan marubuci ba. Ya isa ya san kantar da zai tsaya.

Kafin zuwan Google

Da wannan tunani na ɗakin karatu aka fara shirya yanar gizo. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro ta a cibiyar binciken CERN da ke kusa da birnin Janiba, da hannunsa ya fara rubuta jerin shafukan da ke akwai a 1991, abin da ya zama WWW Virtual Library. A 1994 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Stanford a Amurka, Jerry Yang da David Filo, suka fara tara shafukan da suka burge su suna rarraba su rukuni-rukuni. Wannan jeri shi ne ya zama Yahoo. Shekaru da dama, in aka ce an shiga intanet neman wani abu, to shafin farko na Yahoo aka buɗe, aka zaɓi Kimiyya ko Wasanni ko Kasuwanci, aka yi ta gangarawa.

A 1998 Rich Skrenta da Bob Truel suka buɗe wani kundin da 'yan sa kai ke kula da shi, wanda daga baya aka fi sani da DMOZ. Dubban editoci daga ƙasashe daban-daban, kowa da rukunin da aka damƙa masa, suka tantance miliyoyin shafuka cikin harsuna masu yawa. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin Google, kuma shi kansa ya daɗe yana da sashen kundi da ya gina a kan aikin DMOZ.

Abin da ya kayar da su ba boyayye ba ne: yanar gizo ta fi ƙarfin hannu. Shafukan da ake buɗewa a rana ɗaya sun fi abin da editoci za su iya karantawa a shekara. Mai sabon shafi kan jira watanni kafin a duba shi. Yahoo ma ta koma karɓar dala 299 a shekara daga shafukan kasuwanci kafin ta duba su, abin da ya sa jerin ya fara karkata ga masu abin hannu. Google ya rufe nasa kundin a 2011, Yahoo ta rufe nata a ƙarshen 2014, DMOZ ya tsaya a watan Maris na 2017. Wasu tsofaffin editocinsa sun ci gaba da aikin da sunan Curlie, yana nan har yanzu, sai dai ba nan ne matashin Zurmi zai sami abin da ya shafi rayuwarsa ba.

Abin da ya mutu shi ne burin jera duk intanet a kundi ɗaya. Dabarar kanta ba ta je ko'ina ba. Ta watsu ne cikin ƙananan kundaye, kowane da fanninsa, kuma mafi amfaninsu ga ɗan Najeriya su ne waɗanda doka ta ɗora wa wata hukuma alhakin riƙewa.

Tambayar farko: wa ke riƙe da jerin?

A ɗauki matashin da ya gama sakandare a Kasuwar Daji, yana son karanta fannin lantarki, kuma halin da hanyoyi ke ciki ya sa iyayensa ba su son ya yi nisa da gida. In ya rubuta buƙatarsa a injin bincike, zai ci karo da shafukan da ke kwafar juna, da tsohon bayanin da aka yi wa sabon fenti, da lambobin wayar masu cewa a turo kuɗi su samo gurbi. Zai ƙona data, ya tashi da ruɗanin da ya fi wanda ya zauna da shi.

Mai bin hanyar kundi ba ya fara da "me zan rubuta?" Yana fara da "wa aka ɗora wa riƙe wannan jeri?" Jami'o'i na ƙarƙashin hukumar NUC. Kwalejojin kimiyya da fasaha, wato foli, na ƙarƙashin NBTE mai hedikwata a Kaduna. Kwalejojin ilimi na ƙarƙashin NCCE. Shiga kowace daga cikinsu kuma ta ƙofar JAMB ake bi. Sanin wannan kaɗai ya yanke rabin aikin.

JAMB na da wani sashe a shafinta mai suna IBASS, wanda ya maye gurbin ƙaton littafin nan da ake rabawa da fom a da. Tsarinsa na kundi ne tsantsa. Ana zaɓar irin makaranta, a zaɓi makarantar, a ga kwasa-kwasan da take bayarwa, a ƙarƙashin kowane kwas kuma ga darussan da ake buƙata a sakamakon WAEC ko NECO da waɗanda za a zauna wa a jarrabawar UTME. Matashin nan zai iya buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ya karanta abin da take koyarwa daga sama har ƙasa, sannan ya buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ya gwama. Kowace shekara akwai ɗaliban da ke cin maki mai kyau amma su rasa gurbi saboda sun haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗin ba, alhali bayanin na nan a rubuce, kyauta.

Akwai wata fa'ida a nan da injin bincike ba ya bayarwa. Mutum ba ya iya neman abin da bai san sunansa ba. Wanda ya shiga layin injiniyanci don neman lantarki zai ga maƙwabtan lantarkin a jere, kwasa-kwasan da bai taɓa jin labarinsu ba, wataƙila ma wanda sakamakonsa ya fi dacewa da shi. Kamar wanda ya shiga layin 'yan hatsi ne don wake ya fito da labarin farashin waken suya.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa. Amincewar hukuma ba ga makaranta kawai take ba, ga kowane kwas take. NBTE na fitar da kundin kwasa-kwasan da ta amince da su, makaranta bayan makaranta, da matakin ND ko HND, da lokacin da amincewar za ta ƙare. Makaranta na iya zama halastacciya amma wani kwas a cikinta bai samu amincewa ba, ko tasa ta ƙare ba a sabunta ba. Wanda ya karanta irin wannan kwas yana iya gamawa ya tarar ba a tura sunansa bautar ƙasa ba. Duba layi ɗaya a jeri kafin biyan kuɗin fom ya fi sauƙi a kan shekara huɗu ko biyar na zuwa aji.

NUC ma haka: ta raba jerinta gida uku, jami'o'in tarayya, na jihohi, da masu zaman kansu, kuma lokaci-lokaci tana fitar da sunayen haramtattun jami'o'i. Darajar irin wannan jeri ta fito fili a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya yi shigar burtu ya samo takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da ita. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, daga baya ma'aikatar ilimi ta ce jami'o'i takwas kacal ta amince da su a ƙasashen biyu, biyar a Benin, uku a Togo. Makarantun da ba su cikin takwas ɗin nan duk suna da shafuka masu kyan gani, da hotunan ɗalibai sanye da rigar yaye. A Google babu abin da ya raba su da na gaskiya. Jerin ne ya raba su.

Inda kuɗi ke ciki

Manhajojin bashi sun zama ruwan dare a wayoyin matasa. Wasu na neman izinin shiga lambobin wayar mutum da hotunansa, ranar da ya makara da biya kuma su aika wa surukansa da malamansa saƙon cin mutunci. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni yin rajista, kuma tana wallafa jerinsu kashi-kashi: masu cikakkiyar amincewa, masu amincewa bisa sharaɗi, waɗanda ake sa wa ido, da waɗanda aka cire. Kasancewar manhaja a Play Store ba shaida ba ce, taurarin da aka ba ta ma ana iya saye. Abin dubawa shi ne sunan kamfanin da ya mallake ta, wanda ke rubuce ƙarƙashin sunan manhajar, domin kamfani ɗaya kan mallaki manhajoji da yawa masu suna daban-daban.

Babban Bankin Najeriya na da jerin duk wanda ya ba lasisi, a rarrabe: bankunan kasuwanci, bankunan da ba su mu'amala da kuɗin ruwa, ƙananan bankuna, kamfanonin tura kuɗi ta waya, 'yan canji. Hukumar SEC na da jerin kamfanonin da aka yarda su karɓi kuɗin jama'a don zuba jari. Lokacin da CBEX ya rufta da kuɗin mutane a watan Afrilun 2025, SEC ta bayyana cewa bai taɓa samun rajistarta ba. Bayanin bai ɓuya ba tun kafin ranar. Mutane ne suka gamsu da hoton takardar CAC da ake yawo da shi a WhatsApp. Takardar CAC kuwa abin da take nunawa kawai shi ne an yi wa suna rajista. Ba ta ba kowa izinin karɓar ajiyar kuɗi ko jari ba. Kowane aiki da kundinsa. Ga Hajji da Umara kuma, hukumar NAHCON ce ke fitar da sunayen kamfanonin jirgin yawo masu lasisi.

Magani da iri ma suna da nasu. Kundin NAFDAC mai suna Greenbook yana ba da damar duba magani da sunansa ko da lambar rajistar da ke jikin kwali. Sai dai masu jabu na iya kwafar lambar gaskiya su buga a kwalin ƙarya, don haka fitowar lambar ba ta isa ba. Sai an ga sunan maganin, da ƙarfinsa, da kamfanin da ya yi shi duk sun zo daidai da abin da ke hannu. Ma'aikatar lafiya ta tarayya na da rajistar asibitoci da ake bi daga jiha zuwa ƙaramar hukuma zuwa mazaɓa. A yankin da gyaɗa da auduga suka ja layin dogo har Ƙauran Namoda a 1929, ba ƙaramin abu ba ne a san cewa irin da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru ta fitar suna da sunaye da lambobi sanannu, SAMNUT na gyaɗa, SAMPEA na wake, SAMMAZ na masara, SAMSORG na dawa, SAMCOT na auduga, kuma cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello na ajiye ƙasidun koyar da noma a shafinta, amfanin gona bayan amfanin gona.

Ba kowane jeri ne ke da ikon cewa "babu" ba

A nan sai an yi hattara, domin kundaye iri-iri ne. Akwai na hukuma, wanda doka ta ce duk mai yin wannan aiki dole ya kasance a ciki. Shi kaɗai ne rashin suna a cikinsa ke zama hujja. Akwai na malaman ɗakin karatu da masana, wanda shiga cikinsa alama ce ta inganci amma rashin shiga ba laifi ba ne. Sai na kasuwanci, inda kowa ke iya rubuta sunan shagonsa da kansa, mai biya kuma a ɗaga shi sama. Rukunan Jiji da na Play Store da shafukan adireshin kamfanoni duk suna cikin wannan kashi na uku. Suna da amfani wajen ganin abin da ke kasuwa da kwatanta farashi, amma babu wanda ya rantse a kan abin da ke ciki.

Kashi na biyun shi ne abokin ɗalibin da ke rubuta aikin kammala karatu. DOAJ, wanda aka fara a jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, yana jera mujallun ilimi da ake karantawa kyauta, fanni-fanni, bayan an tantance su. AJOL, wanda ya fara aiki a 1998, na mujallun Afirka ne, ana iya binsa ta fanni ko ta ƙasa, kuma mujallun jami'o'in Najeriya na da yawa a ciki. Wikipedia ta Hausa ma tana da tsarin rukunai a ƙasan kowace maƙala, sai dai shafin da waya ke buɗewa yakan ɓoye su. In aka gangara can ƙasa aka koma tsarin kwamfuta, za su bayyana.

Na hukumar ma ba tsarkakakku ba ne, kuma duk wanda ya gwada ya san haka. Shafuka da yawa nauyi gare su, wasu ba a tsara su don fuskar waya ba, kusan dukkansu da Turanci suke, wasu kuma jerin nasu wani ƙaton fayil ne na PDF da aka ɗora aka manta. Jeri na tsufa. A farkon Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya. Duk wanda ke riƙe da jerin watan Fabrairu ya wayi gari da takardar da ba ta da amfani. Saboda haka abin da ake fara nema a kowane jeri shi ne kwanan watansa. In babu suna a jerin da ya shekara biyu, wannan dalilin ƙarin tambaya ne a ofishin hukumar, ba hukunci ba ne tukuna. In kuma sunan na ciki, abin da hakan ke nufi shi ne akwai hukumar da za a kai wa ƙara, ba wai kamfanin ba zai taɓa cuta ba.

Sai kuma tabbatar da cewa shafin na hukumar ne da gaske. Adireshin da ya ƙare da gov.ng na hukumomin gwamnati ne, edu.ng na manyan makarantu, kuma ba kowa ake ba su ba. Wurin dubawa shi ne ƙarshen sunan, dab da alamar tsaga ta farko. Macuta kan cusa sunan hukuma da kalmar gov a farko ko a tsakiya, adireshin kuma ya ƙare da wani abu dabam. Wasu hukumomin, irin su NUC, ba su amfani da gov.ng, nata edu.ng ne, don haka yana da kyau a ga adireshin a wata takarda ko sanarwar hukumar kafin a amince. Google ma yana da amfani a wannan mataki, a matsayin ɗan rakiya zuwa bakin ƙofa: in aka rubuta site:gov.ng tare da abin da ake nema, shafukan gwamnati kawai zai kawo.

Jerin da ke aiki ko babu sabis

Mutanen arewacin Zamfara sun san abin da wasu ke ji a labari. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci kamfanonin sadarwa su kashe layuka a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, a daidai lokacin da gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako-mako. An ce mako biyu ne, amma garuruwan da ke wajen Gusau sun shafe makonni masu yawa babu kira babu data. Ko a ranakun lafiya ma, sabis a ƙauyukan Shinkafi da Zurmi sai an nemi tudu, ga kuma ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari da NCC ta amince da shi a Janairun 2025.

Injin bincike da ƙirƙirarriyar basira duk sai da sabis suke aiki, kowace tambaya da kuɗinta. Jeri kuwa ana sauke shi sau ɗaya. Fayil ɗin PDF yana zama a waya, shafin da ba fayil ba kuma Chrome na da alamar saukewa a cikin ɗigo ukun nan na sama, wadda ke adana shi yadda za a buɗe ba tare da data ba. Mutum ɗaya da ya je Ƙaura ko Gusau ya sami sabis mai ƙarfi zai iya sauko da kundin NBTE, da jerin FCCPC, da ƙasidun NAERLS, ya raba wa abokansa ta Xender a shagon caji ba tare da an kashe ko sisi ba. Manhajar Kiwix ma tana sauke Wikipedia gaba ɗayanta, har da ta Hausa, a karanta ba intanet.

Daga nan ne mutum ke fara gina nasa kundin, kamar yadda ɗaliban nan biyu na Stanford suka fara. Chrome na ba da damar buɗe jakunkuna a ma'ajiyar adireshi: ɗaya ta makaranta, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta lafiya, ɗaya ta gona. Adireshin da aka tabbatar sau ɗaya a ajiye shi a jakarsa, gobe ba sai an sake bi ta cikin masu talla ba. Fayilolin da aka sauke kuma a sauya musu suna a saka wata da shekara a gaba, don kada jerin bara ya yi shigar na bana.

Dogon jeri ba a karanta shi daga farko a fuskar waya. A cikin ɗigo ukun nan akwai wurin neman kalma a shafi, manhajojin buɗe PDF ma suna da alamar madubin bincike. Sai dai sunayen garuruwan yankin ba su da rubutu ɗaya a takardun hukuma. Wani jerin zai rubuta Kaura Namoda, wani Kauran Namoda, wani K/Namoda. Kasuwar Daji kan fito a matsayin Kasuwan Daji, kuma haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ kusan ba a amfani da su. Wanda ya rubuta cikakken suna da ƙa'idar Hausa zai iya samun "babu" ta ƙarya. Gajeren yanki ya fi kamawa: Namoda kawai, ko Daji, ko Zamfara, sannan a bi sakamakon ɗaya bayan ɗaya. Haka ake yi wa sunan kamfani ma, a nemi kalma ɗaya da ta fi fita daban a cikinsa, a bar su Limited da Nigeria da ke jikin kowane suna.